Moab a idon ɗan Agadas: hamadar da ake biyan kuɗi a gani

Moab ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin jihar Utah ta Amurka, a bakin kogin Kolorado. A ƙidayar 2020 mutanensa 5,366 ne. Amma baƙin da ke ratsa shi a shekara da miliyoyi ake lissafa su, kuma abin da ke kawo su shi ne irin abin da mu 'yan Agadas muka buɗi ido muka tarar a bayan gari: jan dutse, rairayi, busassun ƙoramu, da sama tangaram babu gajimare. A nan nake neman abinci. Ra'ayina game da garin ya daɗe da tsayawa wuri ɗaya. Yanayinsa ya fi namu sauƙi, mutanensa sun fi mu iya tattalin daji nesa ba kusa ba, amma gari ne da ya fi yi wa baƙo daɗi fiye da mazauni. Duk mai addu'ar Allah Ya dawo wa Abzin da 'yan yawon buɗe ido, kuma ni ma ina cikinsu, ya kamata ya san yadda wannan arziki yake idan ya zo da yawa.

Bambancin yanayi daga tsawo ya samo asali. Moab na bisa tudu kimanin mita 1,200 daga teku, Agadas kuwa wajen mita 500. Sannan Moab ta yi arewa sosai. Zafinta na gaske a Yuli yake, inda rana kan kai digiri 37 ko 38, wani lokaci ta haura 40. Ɗan Agadas ba zai firgita da wannan ba, domin Mayu da Yuni namu sun fi haka. Abin da ya bambanta shi ne dare. Da rana ta faɗi bayan duwatsu sai iska ta huce, kafin asuba ma'auni ya sauko wajen digiri 20, mutum ya buɗe taga ya yi barci. A bazarar gida kuwa katangar laka kan riƙe zafin rana har tsakar dare, dole a fitar da tabarma tsakar gida.

Sanyin ne ba mu da kwatankwacinsa. Hunturunmu na sa tsofaffi su kewaye wuta da safe, amma zuwa hantsi an ajiye bargo. A nan, daren Janairu kan sauka ƙasa da sifili da digiri 6 ko 7, ruwa ya daskare a bututu, kuma da yake garin a cikin kwari yake tsakanin katangun dutse biyu, iska mai sanyi kan kwanta a ciki kwanaki ba ta tashi ba. Dusar ƙanƙara kan zuba jefi-jefi, ba mai yawa ba. Ranar da ta kwanta fari fat bisa jan dutse, ko mai taurin zuciya sai ya ce tabarakallah. A kudu maso gabashin gari akwai tsaunukan La Sal, waɗanda mafi tsawonsu, Peale, ya kusa mita 3,900. Mafi tsawon wuri a duk Nijar, ƙololuwar Bagzan, mita 2,022 ne. Ƙanƙara kan zauna a kan La Sal har cikin Mayu ko Yuni, mutum na gumi a ƙasa yana hango ta.

Watannin daɗi su ne Afrilu da Mayu, sai Satumba da Oktoba, kuma su ne watannin da garin ke cika ya batse. Bushewar iska dai iri ɗaya ce da ta gida: leɓe ya tsage, hanci ya yi jini, kaushi ya fito. Ban taɓa rabuwa da man kaɗanya ba.

Ruwan sama a shekara bai wuce milimita 230 zuwa 240 ba. Ya fi na Agadas, amma a warwatse yake cikin shekara, babu damina guda da manomi zai jira. Sai dai daga Yuli zuwa Satumba akwai hadarin la'asar mai tsawa, kuma a nan ne garuruwan biyu suka zama 'yan uwa na jini. Dutse ba ya shan ruwa. Ruwa zai zuba a kan tudu inda ba ka gani, kai kana ƙasa rana na dukanka, sai kawai ƙorama ta taho da itatuwa da duwatsu. A watan Agustan 2022 rafin Mill Creek ya cika ya shiga tsakiyar Moab, laka ta shiga shaguna. Duk ɗan Agadas da ya ga farkon Satumbar 2009, lokacin da ƙoramar Telwa ta fasa ta share unguwanni, ba ya bukatar a yi masa bayani. Abin da iyayenmu ke faɗa shi ne abin da ma'aikatan daji ke rubutawa a alluna a nan: kada ka kwana a cikin kori, ko da sama fes take.

A wurinmu shiga daji aiki ne. Makiyayi na bin raƙuma, ɗan ayari na kan hanyar Bilma don gishiri da dabino, mai garka na jan ruwa a Timiya ko Tabelot. Wanda ya samu hutu inuwa yake nema. A Moab shiga daji shi ne hutun, kuma shi ne kasuwar garin gaba ɗaya. Kilomita kaɗan arewa da gari akwai gandun ƙasa na Arches, inda iska da ruwa da ƙanƙara suka sassaƙa dutse ya zama baka-baka fiye da 2,000, wasu sak bakan gizon da maginanmu ke ɗaurawa a soron sarki. Tun 1929 aka keɓe wurin, aka ɗaga matsayinsa a 1971. Gaba kaɗan akwai Canyonlands, wanda aka kafa a 1964, inda kogin Kolorado da kogin Green suka yanka ƙasa suka bar ramuka masu zurfin da ido ke juyawa. Akwai hanyar Slickrock, kusan kilomita 17 a bisa tsurar dutse, wadda aka shata a 1969 don masu babur, daga baya masu keken hawan dutse suka mayar da ita tasu har sunanta ya zaga duniya. Akwai masu bin kogi a kwalekwalen roba, da masu hawan katangar dutse da igiya, da taron motocin jif da ake yi lokacin bikin Ista na Kiristoci tun 1967.

Ba tsadar kayan wasan ce ta kama zuciyata ba. Abin da nake ƙyashi shi ne tsarin filin. Mafi yawan ƙasar da ke kewaye da garin ta gwamnatin tarayya ce, wato ta kowa da kowa. Ni baƙo, mai aikin hannu, ina da ikon taka inda attajiri ke takawa, babu mai tare ni ya ce gonar wane ce. An shata hanyoyi, an jera duwatsu a matsayin alama, an gina bandaki a bakin kowace babbar hanya, kuma mutum kan ɗauko shararsa ya dawo da ita gari. Har ƙasar da ake takawa suna da ilimi a kanta. Akwai wani baƙin ɓawo da ke rufe rairayi, wanda ƙananan halittu ne masu rai suka haɗu suka yi shi. Shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe, shi ke tsare danshi, kuma taku ɗaya na iya lalata abin da zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo. Yaro ɗan firamare a nan ya san wannan, zai kuma gaya wa babba ya koma kan hanya. Idan na tuna yadda tayoyin mota suka yi wa wasu kwaruruwan Abzin kaca-kaca, da yadda ake sare gawo da bagaruwa don gawayi, raina kan ɓaci ƙwarai, domin dajinmu bai fi nasu ƙarfin jurewa ba.

Wani abin kuma shi ne lafiyar jiki. Za ka ga tsohuwa mai shekara saba'in da sandarta da gorar ruwanta tana hawa zuwa Delicate Arch, wani bakan dutse a gandun Arches, tafiyar kusan kilomita 5 zuwa da dawowa, hawa ne babu inuwa. Kakanninmu sun fi haka tafiya, amma mu 'yan birni mun koma kan babur ko da zuwa masallacin unguwa ne, ga ciwon suga da hawan jini sun shigo gidaje. Tattakin asuba ba ya cin ko dala. Idan zafi ya tsananta a nan, mutane kan hau La Sal, tafiyar da ba ta fi awa guda ba a mota, su samu itatuwa da tafkuna da iska mai sanyi. Mu ma muna da Bagzan, muna da ruwan da ke zubowa daga dutse a Timiya da lemunta da rumman, amma 'yan Agadas nawa ne suka taɓa kai iyalinsu can don hutu kawai? Turawa sun fi mu sanin hanyar. Haka zanen dutse: a nan an killace zanen da mutanen farko suka bari, har da na kabilar Ute waɗanda aka raba da wannan ƙasa, mu kuwa raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus, da masana daga ko'ina ke zuwa gani, yaranmu da yawa ko labarinsu ba su ji ba.

Hamada dai hamada ce. Hukumar gandun kan ce kowa ya sha lita 4 na ruwa a rana, kuma duk da haka zafi na kashe baƙin da suka raina ta.

Sai zancen zama, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A 2021 mutum kusan miliyan 1.8 suka shiga Arches kaɗai. Tun kafin nan, a wani hutun ƙarshen Mayu na 2015, layin motoci ya yi tsawo har ya toshe babbar hanya, 'yan sanda suka rufe ƙofar gandun. A 2022 aka fara tsarin sai ka kama lokaci ta intanet kafin ka shiga a watannin cunkoso. Babban titin garin shi ne kuma babbar hanya mai lamba 191, don haka tireloli da motocin baƙi da ƙananan motocin daji masu ƙara duk ta gaban shaguna suke bi. Ƙarar motocin dajin ta daɗe tana haɗa mazauna da masu ba da hayarsu faɗa a zauren majalisar gari.

Duk wannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce wurin kwana. Filin gwamnati da na yaba ɗazu shi ne kuma ya matse garin, domin abin da ya rage a hannun mutane kaɗan ne. A cikin wannan kaɗan ɗin otal-otal suka tashi, masu kuɗi daga wasu jihohi suka sayi gidajen hutu da ke rufe rabin shekara, wasu gidajen kuma aka mayar da su na hayar dare-dare, domin abin da baƙo zai biya a mako guda ya fi abin da ma'aikaci zai iya biya a wata. Sakamakon haka mai dafa abinci, mai gyaran ɗaki, mai jagorar baƙi a kogi, da yawansu a cikin mota suke kwana a bayan gari, ko su cunkusu su da yawa a gida ɗaya. Na yi aiki da irinsu. Mutum ya wuni yana shimfiɗa wa baƙi farin zanen gado, dare ya yi ya je neman inda zai ajiye motarsa ba a kore shi ba. Makaranta da asibiti kan ɗauki ma'aikaci, ya zo ya rasa gida ya koma. A 2019 hukumomin gari da na gunduma suka dakatar da ba da izinin sabbin masaukan baƙi na wani lokaci, amma a lokacin ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Sannan idan Disamba ta shigo baƙi su ɗauke ƙafa, gidajen abinci da yawa su rufe, aiki ya tsaya sai Maris.

Agadas ta fi Moab talauci ninkin-ba-ninki, ba na ɓoye wannan. Amma ban san mai aikin yi a Agadas da ke kwana a mota don ya rasa ɗaki ba. Akwai gidan kawu, akwai zauren maigida, akwai wanda zai ce shigo. Garin da bai iya kwantar da masu yi masa hidima ba, a ganina, bai cika gari ba, komai kyan duwatsunsa.

Akwai ƙananan abubuwan da mai iyali zai auna. Asibitin garin ƙarami ne, babbar jinya sai Grand Junction a jihar Kolorado, kusan kilomita 180, ko Salt Lake City, wajen kilomita 370. Kayan masarufi sun fi tsada saboda nisa da kuma farashin baƙi. Babu masallacin Juma'a, babu mahaucin da zai yanka maka rago yadda ka saba, kuma ranar Sallah rana ce kamar kowace. Wani ƙanena ya kira ni ya ce, "Yaya, in na samu hanya in taho da matata da yara?" Na ce masa, "Ƙanena, ka zo ka gani da idonka a watan Oktoba, zan kai ka ko'ina. Amma zama da yara, nemi babban gari inda akwai jama'a da makarantar allo." A gefe guda kuma akwai kwanciyar hankali, iska mai tsabta, da taurarin dare irin na Tenere, har an ba gandun Arches shaidar duhun sama a 2019.

Ruwa shi ne abin da nake ganin zai yanke hukunci a ƙarshe. Duk da kogi na wucewa ta gefen gari, ruwan shan Moab daga ƙarƙashin ƙasa yake, daga maɓuɓɓuga da rijiyoyin da ƙanƙarar La Sal ke ciyarwa. Binciken da hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ta fitar a 2019 ya nuna ruwan bai kai yadda aka daɗe ana zato ba. Yankin kuma na cikin fari tun wajen 2000. Kowane sabon otal na da ɗakunan wanka da wurin ninkaya da injin wankin zannuwa. Ɗan hamada ya san ba a ƙara baki a rijiya sai an auna zurfinta.

Yadda garin ya faɗa hannun baƙi labari ne da kunnen ɗan Agadas zai gane nan take. A 1952 wani mai neman ma'adinai, Charlie Steen, ya gano yuraniyom mai yawa kudu da Moab. Cikin 'yan shekaru ƙauyen manoma da makiyaya mai mutum dubu da 'yan kai ya ninka sau da yawa, aka gina masana'antar tace ma'adinin a bakin kogi. Da kasuwa ta faɗi, masana'antar ta rufe a 1984, mutane suka watse, gidaje suka zama kango. Masu keke da masu jif ne suka tashi garin daga kwance. Wato Moab ta fita daga dogaro da abu ɗaya ta shiga dogaro da wani abu ɗaya, kuma a 2020, lokacin annobar korona, da aka rufe gandaye da masaukai, kowa ya ga abin da hakan ke nufi.

Mu mun ga duka biyun. Yuraniyom na Arlit ya fara fita a 1971, mahaƙar Akuta da ke kusa da garin ta biyo baya, aka rufe ta a Maris 2021. Yawon buɗe ido kuma mun ɗanɗana shi: tseren motocin Paris zuwa Dakar ya sha bi ta Agadas, jirage na sauka kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi, maƙeran azurfa da dukawa da direbobi da masu dafa abinci duk suna ci. Tawayen 2007 ya karya kasuwar, sace ma'aikata a Arlit a 2010 ya ƙarasa ta. Ko da UNESCO ta sa tsohon garin da hasumiyar masallacinmu mai mita 27 cikin kayan tarihin duniya a 2013, baƙin da za su zo gani sun riga sun ƙaurace. Direbobin da suka san kowane dutse a Tenere suka koma jigilar 'yan ci-rani ko haƙar zinariya a Jado.

Ina fatan zaman lafiya ya dawo, baƙi su dawo. Amma tun yanzu da babu kowa ya kamata a zauna da Sarkin Abzin da masu unguwanni da magajin gari a tsayar da magana: gidajen tsohon gari nawa za a yarda su zama masauki, rijiya nawa otal zai haƙa kusa da garake, ina mota za ta bi a daji ina ba za ta bi ba, kuma kaso nawa na kuɗin shiga zai tsaya a Timiya da Iferwan maimakon ya wuce Yamai ko Turai. Moab ta tsaya yin waɗannan tambayoyi ne bayan an gama gine-gine, shi ya sa amsoshinta suka zo da tsada.

Akwai kuma bashin da yuraniyom ya bari. Masana'antar Moab ta tafi ta bar sharar ma'adini kimanin tan miliyan 16 a bakin kogin da mutum kusan miliyan 40 ke dogaro da shi. Jihohin da ke ƙasa da kogin suka matsa, gwamnatin tarayya ta karɓi aikin, kuma a Afrilun 2009 jirgin ƙasa ya fara kwashe sharar zuwa wani rami da aka tanada a Crescent Junction, kusan kilomita 50 arewa. Masu fita gari ta arewa sun ga yadda tarin ya yi ta raguwa shekara bayan shekara. A Akuta, abin da aka bari ya kai kimanin tan miliyan 20, kuma shirin shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da dutse a inda yake, kusa da garin da mutane ke shan ruwan ƙarƙashin wannan ƙasar. Mutanen Arlit na da haƙƙin a riƙa auna ruwansu da iskarsu a kai a kai, a kuma karanta musu sakamakon a fili, da Hausa da Tamajak, ko wane ne ke riƙe da mahaƙar.